Duba-gari Ya Ɓace, Asibiti Ya Cika

A shekarar 2021, alƙaluman hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, sun nuna cewa mutum fiye da 111,000 ne ake kyautata zaton sun kamu da cutar amai da gudawa, kuma kimanin 3,600 daga cikinsu sun rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Wannan adadi na shekara guda ya zarce jimillar mutanen da aka rubuta a hukumance cewa korona ta kashe a ƙasar tun daga shigowarta a 2020 har zuwa lafawarta. Domin korona an rufe iyakoki da kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, an kafa kwamiti a fadar shugaban ƙasa, ana karanto alƙaluma a talabijin kusan kullum. Domin kwalara kuwa, an yi ta'aziyya, an kai ledojin ƙarin ruwa asibitoci, damina ta wuce, magana ta mutu.

Babu wani abu ɓoyayye game da kwalara. Hanyarta guda ce: bayan-gidan mai ɗauke da ƙwayar cutar ya sami hanyar shiga ruwan sha ko abincin wani. Tun a 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya a unguwar Soho, ya gano cewa daga famfo guda suke ɗiban ruwa, ya sa hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Takawa ya yi cikin lunguna, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana tambaya. Fiye da shekara 160 bayan haka, manyan garuruwan Arewa suna tafiyar da harkar lafiya tamkar ba a taɓa yin wannan bincike ba. Ana gina asibiti, ana sayo na'urori, ana jiran mara lafiya a bakin ƙofa, alhali cutar a cikin unguwa take haihuwa, kuma babu wanda aka tura can.

A da akwai wanda ake turawa, sunansa duba-gari. Ɓacewarsa daga lunguna, tare da durƙushewar ƙananan hukumomin da ya kamata su riƙe shi, shi ne babban giɓin kiwon lafiyar birane irin su Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato.

Mutumin da ake share tsakar gida dominsa

Dattawan birni har yau suna ba da labarinsa. Da zarar an ce duba-gari ya shigo unguwa, sai mata su tashi da tsintsiya, a zubar da tsohon ruwan randa, a rufe bakin masai, a yashe kwata. Yakan zo da rakiyar mai unguwa, ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba inda ruwan wanka yake bi, ya tsaya a mahauta da wurin masu tuwo-tuwo. Wanda aka samu da laifi a yi masa gargaɗi, in ya maimaita a kai masa sammaci gaban alƙali. Yarbawa suna kiransa wole-wole, wato mai shiga gida-gida, alamar cewa aikin ya game ƙasar. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ce ta tsaya masa, kuma a 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano domin horar da irinsa. Makarantar tana nan har gobe.

Ba za a wanke tsarin Turawa tas ba. Sun kafa shi da farko domin kare lafiyar kansu, dalilin da ya sa suka keɓe unguwarsu a Nasarawa, nesa da birni. An kuma sami masu duba-gari da suka mayar da kaki hanyar karɓar na-goro, da waɗanda suka keta mutuncin gidajen kulle. Duk da haka En'e ta gaji aikin ta riƙe shi, kuma ginshiƙinsa daidai yake: akwai mutum guda sananne, mai albashi, mai doka a hannu, wanda aikinsa shi ne ya hango haɗari kafin ya kai ga jana'iza.

Gari ya bunƙasa, aikin ya tsuke. Kanon da ganuwa ta taɓa kewayewa yanzu ta malala cikin ƙananan hukumomi 8: Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Unguwannin awon igiya sun tashi a kowace kusurwa, ba magudana, ba bututun ruwa, ba wanda ya zo ya ce ga inda za a haƙa rijiya ga inda za a haƙa shadda. Yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984 ya bar gadon tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, sai aikin kullum ya koma bikin 'yan sa'o'i: a tsare motoci, a kwaso ƙazanta daga kwata a jibge a bakin titi, ruwan sama ya zo ya mayar da ita inda ta fito. A 2002 an yi dokar da ta kafa majalisar yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, makarantu kuma suna ta yaye su da takardu masu kyau. Sai dai matashin da aka haifa bayan dawowar mulkin farar hula zai iya kai wa ga aure bai taɓa ganin ɗayansu ya yi sallama a ƙofar gidansu ba.

Abin da zai gani da ya shigo

A fara da ruwa. Ƙa'idar da masana tsaftar ruwa suka fi bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe. Fulotin da talakan birni ke iya saya, ƙafa 50 sau 50, mita 15 ne da ɗan ɗori kowane gefe, kuma ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna shi bai kai mita 22 ba. Ke nan a irin wannan gida ƙa'idar ba ta yiwuwa, balle a ƙara da masan maƙwabci da ke bayan katanga. Idan damina ta kankama, ruwan ƙasa ya ɗago, abin da ke cikin ramin yakan tsatsafa ya tarar da rijiya. Ruwan zai fito garai-garai a guga, ba wari ba launi. Maganin ba mai tsada ba ne: a ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a keɓe mata guga, a riƙa sa sinadarin kulorin daidai awo, ko a tafasa na sha. Amma sai an sami wanda ya san awon ya zo ya nuna.

Murfin rijiya yana da wani amfanin. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano takan fitar da rahoton ayyukanta a kai a kai, kuma mai bibiyar rahoton ya san cewa ciro mutane daga rijiya da kududdufi yana cikin aikin 'yan kwana-kwana na yau da kullum. Sau da yawa yara ne, kuma sau da yawa gawa ake cirowa.

Sai hayaƙi. Janareta da gawayi suna fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jinin mutum da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, ta hana jini kai iska ga ƙwaƙwalwa. Alamominta na farko, ciwon kai da jiri da amai, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, don haka sai a sha maganin zazzaɓi a koma barci a ɗakin da ke kisan. Tsoron ɓarayi yana sa a shigo da janareta cikin soro ko ƙarƙashin bene, sanyin hunturu kuma yana sa a shigar wa mai jego ko tsoho kaskon wuta a rufe ƙofa da taga. Idan gari ya waye aka tarar da mutanen ɗaki duka ba rai, sai a fara zancen sammu ko abincin dare. Janareta wurinsa waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Gas ɗin girki ya shiga gidaje da sauri fiye da yadda iliminsa ya shiga. Ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya taru a ɗakin girki yana jiran tartsatsi. Wanda ya ji warinsa bai kamata ya kunna fitila ko ya taɓa makunnin lantarki ba, sai ya rufe kan tukunya ya buɗe ƙofofi. Ana gane yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Tukunyar kanta tana da wa'adi, ana buga shekarar ƙera ta a jikinta, amma shagunan ɗura gas sun cika tsakiyar unguwanni, wani kusa da mai shayi, wani jikin mai walda, kuma ba kasafai ake mayar da tsohuwar tukunya mai tsatsa ba.

Akwai kananzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo a ajiye ƙarƙashin gado, inda yaro mai rarrafe zai ɗauka ya kurɓa. Abin da aka saba yi, a ɗura masa manja ko madara a sa shi amai, shi ke tura man cikin huhu ya ƙara ɓarna. Asibiti ake garzayawa da shi ba tare da tilasta amai ba. Akwai man gyaɗa da ya kama wuta a kasko aka watsa masa ruwa, wutar ta tashi har rufi, alhali murfi ya isa kashe ta. Akwai abin dafa ruwa na lantarki da aka bari a jone bayan ɗauke wuta, aka dawo da ita cikin dare. Akwai tagogi masu ƙarfen hana ɓarawo a ɗaki mai ƙofa ɗaya, da lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Akwai kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai, wanda yawancinsa dalma ce. Wanda ke shakkar abin da dalma ke yi wa yaro ya tuna Zamfara a 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ya kashe yara aƙalla 400.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai buƙaci ƙwararren likita ba. Kowannensu abu ne da ma'aikaci mai horon shekara biyu ko uku zai gani cikin minti goma, ya yi bayani cikin minti biyar.

Nauyin wa?

Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan tambaya a duhu ba. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ciki har da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da makewayin jama'a, da kwashe shara da ƙazantar ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa, da shiga cikin samar da ayyukan lafiya. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44 da mazaɓu 484. A takarda babu lungun da ba shi da mai kula da shi.

Manufofi ma ba a rasa su ba. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora lafiyar duniya a kan kiwon lafiya matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan da gaske, ya miƙa matakin farko ga ƙananan hukumomi, a ƙarshen zamaninsa aka kafa hukumar NPHCDA. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana.

Inda aka karya ƙashin bayan tsarin shi ne asusun haɗin gwiwa. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi yana biyowa ta hannun gwamnoni, su cire abin da suka ga dama, su naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Shugaban ƙaramar hukumar da ya san gwamna ne ya ɗora shi, ba mutanen mazaɓa ba, ya san wanda zai faranta wa rai. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya cire uzuri guda, amma bai ce a kashe kuɗin a kan kwata da rijiya ba. Idan babu mai tambaya, kuɗin zai sauya hannun da ke cinye shi ne kawai.

Dalilin da 'yan siyasa suke gudun wannan aiki a fili yake. Gadar sama tana ɗaukar hoto, sabon ginin asibiti yana da ƙyallen yankawa da allon suna. Annobar da aka hana aukuwa ba ta da ranar buɗewa, kuma yaron da bai faɗa rijiya ba babu jaridar da za ta buga sunansa. Ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, abin da ake yi masa shi ne fenti da katanga, domin su ne ake ba da kwangilarsu. Ma'aikaciya da ruwa da wutar firjin allura da magani, waɗanda ake biya wata-wata ba tare da kaso ba, su ake mantawa. Cibiyar da ke rufewa da la'asar ba ta da amfani ga mace mai naƙuda da tsakar dare ko yaro mai gudawa. Sai a nufi kemis na bakin layi, in abin ya faskara a ɗunguma zuwa Asibitin Murtala ko na yara na Hasiya Bayero, a tarar da layin waɗanda da an tare matsalarsu tun daga unguwa.

Alli a jikin bango

Masu cewa ba zai yiwu gwamnati ta isa kowane gida ba, amsarsu tana rubuce a bangon gidajensu. Lambobi da alamun alli da ma'aikatan rigakafin shan-inna suka yi ta zanawa a ƙofofi shaida ce cewa an taɓa bin Kano gida-gida, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. An yi haka ne a jihar da ta dakatar da rigakafin a 2003 saboda zargi, a garin da bai manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma a inda aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Fabrairun 2013. Duk da haka aka shigo da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka ɗauki matan unguwa masu shiga har ɗaka, aka zana taswirar kowane lungu, aka sa kowa ya kawo rahoton yamma. A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da cutar ta daji ta kama a jihar, a Sumaila, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wannan babbar nasara ce, amma tana ɗauke da tuhuma. An gina rundunar shiga gida-gida domin cuta guda, wadda duniya ta damu da ita ta kuma zuba mata kuɗi. Matar da ta zo ɗiga wa yaro magani ta wuce buɗaɗɗiyar rijiya da kaskon gawayi da robar fiya-fiya, domin ba a sa su cikin takardarta ba. Iyaye sun yi ta tambayar dalilin da ake biyo su gida da maganin cutar da ba su gani, alhali na zazzaɓi sai sun saya, kuma tambayar tana kan hanya. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, mafi yawansu yaran da ba su sami cikakkiyar allura ba. Allurar kuwa kyauta ce, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa, a cibiyar mazaɓa.

Maƙwabciya Nijar, wadda ba ta kai Najeriya arziki ba, ta gwada ɗaya hanyar. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a karkara, a 2006 ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mutuwar irin waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kusantar da ƙaramin ma'aikaci ga ƙofar gida ne ya yi wannan aiki.

Uzurorin da aka saba ji

Na farko talauci. Ana cewa mutumin da bai ci ya ƙoshi ba, ba za a dame shi da murfin rijiya ba. Amma talaka ya riga yana biyan kuɗin rashin tsafta, kuma da tsada: kuɗin garuwa kullum, kuɗin kemis, kuɗin ƙarin ruwa, kwanakin da bai fita nema ba yana jinya, wani lokaci har da likkafani. Ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsafta, yana tsayar da ran mai gudawa kafin a kai asibiti. Abin da ya rasa shi ne mai gaya masa, da hukumar da za ta yi nata ɓangaren na famfo da magudana.

Na biyu ƙaddara. Babu mai jayayya da ita, sai dai mai faɗin haka bayan gobara shi ne yake sa kwaɗo biyu a shagonsa ya kuma biya mai gadi. Wanda ya yarda da riƙo da sababi wajen tsare dukiya ba shi da hujjar watsi da shi wajen tsare ran 'ya'yansa, kuma jami'in da ya fake da ƙaddara bayan sakacinsa ya ci amanar kalmar.

Na uku ya fi nauyi: cewa dawo da duba-gari ƙara wa talaka wani mai kaki ne da zai riƙa tatsarsa. Wannan tsoro yana da tushe ga duk wanda ya san titunan birni. Amsarsa tana cikin yadda aka tsara aikin. Kada jami'i ya karɓi kuɗi da hannunsa, tara a biya ta banki. Ziyarar farko ta zama ta bayani da rubutaccen wa'adi. A ɗauki mata su shiga gidajen kulle. Kuma a fara binciken daga kadarorin hukuma: makewayin makarantun firamare, mahauta, kasuwanni, tashoshi. Hukumar da makarantarta ke da ɗalibai dubu ba masai mai aiki ba ta da bakin cin tarar bazawara saboda kwata.

Waɗanda suka sayi mafita

Akwai laifin da ya rataya a wuyan masu ilimi da albashi. Lauya da malamin jami'a da ma'aikacin banki da babban sakatare su ne masu murya, kuma su ne suka fice daga tsarin. Famfo ya ƙafe suka haƙa burtsatse, wuta ta ɗauke suka sa sola, asibitin gwamnati ya cika suka koma na kuɗi, shara ta taru suka ɗauki yaro mai baro ya kwashe ta zuwa inda ba su tambaya ba. Kowane ɗaya ya warware matsalar gidansa, sai aka rasa mai matsa wa hukuma. Da yawansu za su iya yin sa'a guda suna sharhi a kan zaɓen Amurka, amma ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba.

Katangar kuwa ba ta tare ƙwayar cuta. Mai aikin gida da direba da mai gadi daga waɗancan unguwanni suke zuwa kowace safiya. Latas da kabeji na kan teburi wataƙila da ruwan Jakara aka yi musu ban-ruwa. Ƙanƙarar da ke cikin zoɓon biki babu wanda ya san rijiyarta. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kududdufin bayan layi ba ya neman izinin mai gadi, haka ma wutar da ta tashi a shagon gas na kan kwana. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za a nema

Buƙatun ba su da yawa, kuma duk ana iya ƙirga su. Kowace mazaɓa ta sami jami'an lafiyar muhalli nata, mace da namiji, a liƙa sunayensu da lambar wayar ofishinsu a ƙofar mai unguwa da cibiyar lafiya, tare da jadawalin zagayensu. Takardar bincikensu ta haɗa da rijiya da masai da kwata, ta kuma haɗa da janareta da gas da wayoyin lantarki da ajiyar mai da guba, da katin allurar yara. A gwada ruwan rijiyoyin haya da na masu sayar wa 'yan garuwa kafin kowace damina, a kafe sakamakon a fili. Cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa ta riƙa aiki dare da rana, da ruwa da wuta da ungozoma. Hukumar kashe gobara ta shiga makarantu da islamiyyu da gidajen rediyo kafin hunturu, kuma a tabbatar lambar gaggawa ta ƙasa, 112, tana da mai ɗauka da motar da za ta taso. Duk mutuwar da ta faru ta hanyar rijiya ko hayaƙi ko gobara a rubuta ta da sababinta, domin rajistar mutuwa aikin ƙaramar hukuma ne tun asali.

Ƙofar shiga ma a buɗe take. Tsarin lafiya matakin farko ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke da ta cewa a kan yadda cibiya za ta kashe kuɗin asusun 2014. Kujerun wannan kwamiti suna buƙatar akanta mai iya karanta takardar banki, da injiniya mai sanin magudana, da lauya mai iya rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Zaman sa'a biyu a wata ya fi dogon rubutu ɗari a Facebook bayan an yi rashi.

Damina za ta dawo, hunturu zai biyo ta, kuma kowannensu an san irin gawar da yake kawowa. Duk mai neman kujerar shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ya cancanci a tare shi da tambayoyi uku tun kafin ya fara alkawarin gini: masu duba-gari nawa ke karɓar albashi a hukumarsa, wace mazaɓa aka ba kowannensu, kuma yaushe rabon ɗayansu da ya leƙa rijiya. Wanda ya kasa amsawa bai san aikin da yake nema ba.